Daga inci 19 zuwa 18: kundin aikin canza wa 370Z ƙafafu

28 ga Oktoba, 2023

Yau na kwance ƙafafun motar duka huɗu, na jera su a bakin gareji, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin zanen taya. Ta gaba ta hagu ta gama aiki. Kafaɗarta ta waje ta cinye har zaren ciki ya fara leƙowa, alhali ɓangarenta na ciki yana da sauran milimita 4 cur. Ta gaba ta dama ba ta kai haka ba, amma tunda ba a sa sabuwa a gefe ɗaya a bar tsohuwa a ɗaya gefen, ita ma tafiya za ta yi. Na baya biyun suna da sauran rai, sai dai ba yadda za su agaza wa na gaba, don ba girmansu ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ina zubar da roba mai kyau saboda faɗin yatsa biyu na gefe ya cinye.

Motar Nissan 370Z ce ta 2010, injin V6 lita 3.7, giyar hannu guda 6, nauyinta wajen tan ɗaya da rabi. Shekara uku ke nan ina kai ta ranakun da ake buɗe filin tsere ga kowa a nan Ingila. Ba gasa ba ce, ba a ba da kofi. Ka biya kuɗi, a auna ƙarar salansarka, ka sa hular kwano, ka yi ta zagaye daga safe zuwa la'asar. Daga gidana a Nottingham zuwa Donington Park rabin awa ne, shi ya sa can na fi zuwa.

Da dare na buɗe littafin kashe-kashe. Bana na je fili sau 6. Na sayi tayoyin gaba huɗu, 245/40R19, kowace fam 230. Na sayi na baya biyu, 275/35R19, kowace fam 270. Da kuɗin ɗaurawa ya kama fam 1,550, wato wajen fam 258 kowace rana a taya kaɗai, ban da mai, ban da birki, ban da kuɗin shiga. Maiɗakina ta duba lissafin ta ce, "Abban yara, wannan fa ya isa kuɗin jirgin mutum biyu zuwa gida." Gaskiya ta faɗa. Ko dai in rage zuwa, ko in rage abin da kowace rana ke ci. Na zaɓi na biyu, kuma a nan zan riƙa rubuta yadda ake ciki.

11 ga Nuwamba, 2023

Shawarar da na tsayar: rim mai inci 18, guda huɗu iri ɗaya sak, faɗi ɗaya, taya ɗaya. Na asali masu inci 19 za su ci gaba da zama na titi.

Mutane suna ɗauka ƙaramar taya ta fi araha ne don robarta ba ta da yawa. Ba nan maganar take ba. Farashin taya yana bin yawan masu sayenta. Girman 245/40R19 da 275/35R19 motoci kaɗan ne ke zuwa fili da su, don haka kamfanoni ƙalilan ne ke yin tayar fili a wannan girman, kuma abin da suka yanka shi za ka biya. Amma 265/35R18 kusan kowa na yinta, domin masu motocin Skyline da Evo da M3 sun daɗe suna cinye ta. Inda masu sayarwa suka yi yawa, nan ake samun sauƙi.

Sai lissafin tsayi. Lambar farko faɗin taya ne da milimita, ta biyu tsayin bangonta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta uku girman rim da inci. Tayar baya ta asali: inci 19 milimita 482.6 ne, bango biyu 192.5, jimla 675.1. Ta gaba 678.6. Ita kuwa 265/35R18 ta tsaya a 642.7. Ta gaza ta baya da kashi 4.8 cikin ɗari. Ma'ana motar za ta sauka ƙasa da milimita 16 a baya, 18 a gaba, maleji zai riƙa nuna fiye da gudun gaskiya, giyoyi kuma za su gajarta. Na duba 275/40R18, wadda tsayinta 677.2 ne, kusan daidai da na asali. Da ita ba abin da zai canza, amma sai in koma gidan jiya, don ita ma masu yinta ba su da yawa. Na duba 275/35R18 mai 649.7, ta fi 265 tsada, kuma ina tsoron faɗinta a gaba.

Akwai lambar da mutane ke tsallakewa, ta nauyin da taya ke iya ɗauka. Na asali 94 ce a gaba, kilo 670, da 96 a baya, kilo 710. Ita 265/35R18 tana zuwa iri biyu: 93 mai kilo 650, da 97 mai kilo 730. Tunda kowace taya wata rana za ta zauna a baya, 97 kawai zan saya. Ko da 93 ta fi sauƙin kuɗi, ba zan sa iyalina cikin fargaba a kan fam 15 ba.

25 ga Nuwamba, 2023

Babban abin da zai iya kashe aikin nan shi ne birki. Faifan gaba milimita 355 ne, kalifar Akebono mai fistin huɗu, wato ƙarfen da ke matse faifan in an taka birki, ta damƙe shi, kuma ta ɗara bakin faifan. Inci 18 da ake faɗa a inda taya ke zama ake auna shi, ba a cikin tulun rim ba. Cikin tulun ya fi haka matsi, kuma akwai wani kwari da ake yi masa don taya ta samu shiga, wanda kowane kamfani da inda yake ajiye shi. Rim biyu za su iya zama inci 18 dukansu, ɗaya ya wuce kalifa lafiya, ɗaya ya ci karo da ita. Haka yatsun rim ɗin, idan sun miƙe sosai ba su yi doro ba, fuskar kalifa za su goga.

Don haka na yanka kwali. Na ɗora shi a tsakiyar inda ƙafa ke zama, na zana siffar kalifar a kansa, na ƙara milimita 3 a kewaye, na yanke. Duk rim ɗin da zan duba, wannan kwalin zan fara zura masa kafin a yi maganar kuɗi.

Sai ofset, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa mota. Na asali a gaba faɗin inci 9 ne da ofset 47, a baya inci 10 da ofset 30. Ina neman inci 9.5 da ofset 22. Na zauna da biro: a baya, bakin waje zai fito da ƙasa da milimita 2 kawai, kamar ba a canza komai ba. A gaba kuwa zai fito da milimita 31. Wannan da yawa. Ƙafafun gaban motar nan dama a lume suke cikin madigadi, akwai fili, amma ban tabbata ya kai haka ba sai an jingina kan tayar ciki. Zan dawo kan wannan.

9 ga Disamba, 2023

Na yi tafiyar awa biyu don ganin wasu rim na hannu da aka tallata. Ramukan noti 5 ne, tazarar milimita 114.3, faɗi da ofset duk daidai, fenti kamar sababbi. Kwalina ya ƙi shiga, kwarin tulun ya tokare shi. Mai su ya rantse cewa abokinsa ya sa irinsu a mota irin tawa. Wataƙila motar abokin mai ƙaramin birki ce. Na gode masa na juyo. Man da na ƙona bai kai ciwon sayen abin da ba zai shiga ba.

13 ga Janairu, 2024

An samu. Guda huɗu, 18 da faɗin 9.5, ofset 22, fam 650. Kwali ya shige da sarari. Ban tsaya nan ba, na roƙi mai su na ɗaga motata a ƙofar gidansa cikin sanyi, na ɗaura ɗaya ba taya, na juya da hannu. Tsakanin kalifa da tulu milimita 4, tsakaninta da yatsu wajen 6. Ba yawa, amma ya isa.

Daga can na wuce wurin wani dattijon Bature mai ƙaramin gareji da nake kai wa aiki. Ya ɗora kowane rim a injin balansin ba taya, ya juya yana kallon baki. Uku lafiya, ɗaya yana da 'yar rawa a bakin ciki wadda ya ce ba ta kai a damu ba. Ya wanke bayan yatsun, ya haska da tocila yana neman tsaga, don ya ce rim ɗin da ya sha fili a gindin yatsa yake fara tsagewa, kuma ta baya. Bai ga komai ba.

Ƙananan kaya biyu. Ramin tsakiyar rim ɗin milimita 73.1 ne, cibiyar motar kuma 66.1, sai an sa zobe ya cike gibin. Waɗanda suka zo da su na roba ne. Dattijon ya jefa su a kwandon shara ya ce zafin birkin fili narkar da su yake, in nemo na alminiyam. Notocin asali kuma sun yi kauri, ba sa shiga ramukan, na sayi sirara na ƙarfe masu zaren M12 da 1.25. Zobba da notoci fam 70.

Na ɗora su a sikeli don in san gaskiya. Na asalin na Rays ne, ƙirarru, dama ba su da nauyi. Sababbin ba su fi su sauƙi da wani abin kirki ba. Duk wanda zai yi irin wannan canjin a motar nan don rage nauyi, ya sani ribar kaɗan ce.

3 ga Fabrairu, 2024

Na kusa yin kuskuren da zai rushe dalilin aikin gaba ɗaya. Na riga na sa wata taya a kwandon saye, mai zane kamar kan kibiya, sai na tuna irin wannan hanya ɗaya take juyawa. Yokohama AD08R da Nankang NS-2R duk haka suke. Taya mai kibiya za ka iya kai ta gaba ka dawo da ita baya, amma ba za ta tsallaka daga hagu zuwa dama ba sai an cire ta daga rim an juya. Ni kuwa matsalata hagu ce. Donington da Cadwell Park da Snetterton duk bin hannun agogo ake zagaya su, yawancin kwanoni na dama ne, nauyin mota kuma a kan hagu yake faɗawa. Idan tayoyin hagu ba za su iya komawa dama su huta ba, rabin ribar ta tafi.

Wadda nake buƙata ita ce mai ciki da waje, irin tsarin Michelin Cup 2 ko Nankang AR-1, wadda muddin gefen da aka rubuta waje yana waje, kowace kusurwa za ta zauna. Na samu mai matsakaicin kuɗi, lambar nauyi 97, lambar cinyewa 200 (ma'aunin jurewar robar), fam 185 kowace. Huɗu fam 740, ɗaurawa fam 60. Zanenta sabuwa milimita 6.

Na kai wani shagon taya na kusa da gida suka ɗaura. Da na sa ta gaba na juya, sai na ji ƙar, ƙar, ƙar. Dalmar balansin da suka manna a cikin tulu ta faɗo daidai layin kalifa, kaurinta ya cinye milimita 4 ɗin nan. Laifina ne da ban gaya musu ba. Na koma, aka ɓamɓare, aka manna sirara can bayan yatsu inda kalifa ba ta kaiwa, na rufe su da tef ɗin alminiyam don kada zafi ya saki gam ɗin. Duka huɗun aka yi wa haka, tunda kowace za ta zo gaba wata rana.

17 ga Fabrairu, 2024

Abin da na ji tsoro ya faru. Da aka sauke motar ƙasa, kafaɗar tayar gaba ta yi daidai da leɓen madigadi, kuma da na hau 'yar tudun ƙofar gida da sitiyari a karye, ta goga. Maganin shi ne kamba, wato a jingina kan tayar ciki. Motar ba ta zo da wurin saita kambar gaba ba, sai an canza hannayen sama da masu zare. Fam 330, saitin ƙafafu kuma fam 120. Ba su cikin lissafina na farko, kuma na ji zafinsu.

Dattijon ya ce kada in ɗauke su asara. Ya ɗauko tsohuwar tayata mai cinyayyar kafaɗa ya ajiye a gabana. Ya ce idan mota ta kwanta a kwana, tayar waje tana birkicewa kan kafaɗarta, idan tun farko a miƙe take. In an jingina ta ciki, kwanciyar motar ce za ta shimfiɗa ta daidai a kan kwalta. Wato ciwon da ya sa na fara aikin nan, rabinsa ba girman rim ba ne. Mun sa digiri 2.5 a gaba, 1.8 a baya, ƙafafun gaba suna kallon gaba sak. Gugar ta daina, kuma taya ta koma cikin inuwar madigadi.

Na kira kamfanin inshora na faɗa musu rim da hannayen da na canza. A ƙasar nan idan ka ɓoye gyara irin wannan aka yi hatsari, suna iya ƙin biya. Sun ƙara mini kaɗan.

2 ga Maris, 2024

Gwajin titi. Da, in maleji ya nuna mil 70, wayata tana nuna 67. Yanzu 64 take nunawa. Lissafi ya fito daidai, kuma kuskuren ta gefen da ba ya jawo tara yake. Abin da ban yi tunani ba shi ne ma'aunin nisa, wanda yanzu duk mil 100 zai rubuta 105. Sitiyari ya ƙara nauyi, kuma a titin da manyan motoci suka yi wa kwari motar tana bin kwarin, sai ka riƙe da hannu biyu. Bayan mil 50 na sake bin notoci da sifanar awon ƙarfin ɗauri a kan Nm 108, biyu sun ɗan motsa.

Azumi ya ƙarato. Ba na shiga fili da ƙishirwa, don zafin cikin mota da hular kwano suna rage wa mutum hankali. Sai bayan Salla.

22 ga Afrilu, 2024

Donington, ƙaramin zagaye, wanda bai cika mil 2 ba. Safiya da sanyi, kwalta a bushe, jirage suna ta sauka a filin East Midlands da ke maƙwabtaka. Ƙanena ya biyo ni da motar gida ɗauke da jak da akwatin sifanu da geji, don but ɗin 370Z ko taya ɗaya da ƙyar yake ɗauka.

Na fara da iska psi 27 a sanyi, maimakon 35 ta titi. Zagaye biyu na ɗumama, huɗu na taka, na fito. Ta gaba ta hagu ta hau 36, sauran 33 zuwa 34. Na sassauta duka zuwa 33 da zafinsu, na shafa alli a kafaɗu na koma.

Kwanar farko, Redgate, ita ce ta fara gaya mini motar ta canza. Shekara uku na saba in karya sitiyari in jira, gaban yana turjewa yana neman wucewa waje, tayar hagu tana kuka. Yau ina karyawa ta shige, har na riga inda nake nufi, na taka dutsen gefe tun kafin lokaci. Gaban ya samu ƙarin faɗi milimita 20 kowane gefe, bayan ya rasa 10, ga kamba. Abin da gaba ya samu, baya ne ya biya. A gangaren Craner, inda ake sauka da gudu ana karkata hagu, na ɗan ɗaga ƙafa daga totur kamar yadda na saba, sai na ji bayan ya yi sauƙi yana neman zagayowa. Bai tafi ba, amma ya yi mini magana, kuma na ji. Daga nan na daina ɗaga ƙafa a tsakiyar gangaren. Ko dai in rage tun daga sama, ko in riƙe totur daidai har ƙasa. A kwanonin Old Hairpin da McLeans kuwa daɗi kawai na sha, motar tana juyawa kamar an rage mata tsawo.

Giya ta uku da take kai ni kusan mil 99 kafin allurar juyin injin ta kai 7,500, yanzu a 94 take ƙarewa. Tsakanin wasu kwanoni inda da nake riƙe ta uku har birki, yanzu sai na shiga ta huɗu na daƙiƙa biyu in dawo. Da rana na gwada barin ta huɗu tun daga fitowa, ya fi mini kwanciyar hankali. A fitowa daga Coppice kuma motar ta fi saurin ɗauka, wannan kyautar gajeriyar taya ce.

Bangon tayar tsayinsa kusan ɗaya ne da na da, milimita 93 maimakon 98 da 96, don haka laushin da wasu ke cewa ana ji in an sauka inci ɗaya ni ban ji shi ba.

Bayan azahar ƙanena ya tsaya da ma'aunin zafi a bakin rumfa, ina tsayawa ya soka a tayar gaba ta hagu: ciki digiri 78, tsakiya 74, waje 71. Ya ce, "Yaya, allin ma bai goge ba." Na fito na duba. Layin allin yana nan a kafaɗa, ya goge daidai inda zane ya ƙare, bai gangara bango ba. Na daɗe a tsugune a wurin. Shekara uku ban taɓa ganin tayar nan ta dawo da kafaɗarta lafiya ba.

27 ga Afrilu, 2024

Awo bayan rana ɗaya, a wurin da ya fi cinyewa: gaba hagu 4.9, gaba dama 5.4, baya hagu 5.2, baya dama 5.5. Na rubuta wa kowane rim lamba a ciki da fenti. Juyin da zan riƙa yi na gicciye ne, gaba hagu ta koma baya dama, gaba dama ta koma baya hagu. Wadda ta fi wahala ta tafi inda aka fi hutawa.

A cikin tulun rim na gaba na ga zobe siriri da aka kankare fenti. Tsakuwa ce ta shiga tsakanin kalifa da tulu ta zagaya. Ba zurfi, farce ba ya kamawa sosai, amma zan riƙa dubawa duk dawowa.

10 ga Yuni, 2024

Cadwell Park, rana ta uku a kan tayoyin. Filin nan siriri ne, hawa da gangara, ciyawa dab da kwalta. A nan milimita 18 da motar ta sauka suka nuna kansu. A gindin Mountain, inda hanya ke karyewa hagu ta miƙe sama, robar ƙarƙashin gaba ta daki ƙasa sau uku. Na leƙa, roba ce kawai ta goge, ba ta kai kaskon baƙin mai ba. Na canza layi, na daina hawa dutsen gefe a wurin.

Birki ya fi damuna. Wajen zagaye na shida, a gangaren da ke kai wa Mansfield, feda ta fara nisa. Ban taɓa jin haka a nan da manyan rim ba. Dalili biyu nake zargi: tulun ya matse kalifa, iska ba ta zagayawa kamar da, sannan tayar ta fi riƙo, ina taka birki a makare da ƙarfi fiye da da. Na rage zama zuwa zagaye biyar da ɗaya na hucewa. Kafin fita ta gaba zan zuba sabon man birki mai jure zafi, in kuma jawo bututun iska daga bamba zuwa bayan faifai. Wannan ma kuɗi ne da canjin ya jawo, kuma zan sa shi a lissafi.

A hanyar dawowa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Zanen ya rage wajen 3.5, faɗi 265 a gaba, motar ta fara yawo kan ruwa a mil 55. Na koma layin manyan motoci na bi a hankali har gida. Daga yau idan an yi hasashen ruwa, da ƙafafun titi zan tafi, ƙanena ya ɗauko na fili a motar gida, mu canza a can.

3 ga Agusta, 2024

Man birki da bututu fam 110. Rana ta huɗu a Donington, feda ba ta yi nisa ba ko sau ɗaya. Tayoyin sun fara taurin tsufa, riƙon safiya bai kai na Afrilu ba, don duk zafi da hucewa yana ƙara busar da roba ko da zane bai ƙare ba.

21 ga Satumba, 2024

Rana ta biyar ta wuce, kuma nan saitin farko ya tsaya. Awo: 1.9, 2.1, 2.2, 2.3. Huɗun sun tsufa tare, ba wadda zare ya leƙo, ba wadda zan zubar da rabin ranta. Doka a nan milimita 1.6 ce a tsakiyar kashi uku cikin huɗu na faɗin taya, tarar kuma tana iya kai fam 2,500 da maki 3 a lasisi kan kowace taya, don haka ba zan ja su zuwa rana ta shida in dawo gida a kansu ba.

Lissafi. Fam 800 a rana 5, fam 160 ke nan kowace rana, a maimakon 258 na bara. Ragin fam 98. Abin da na zuba kafin in kai nan: rim 650, zobba da notoci 70, hannayen kamba 330, saiti 120, birki 110, jimla fam 1,280. Sai na yi rana 13 kafin kuɗin su dawo. Na yi 5, saura 8, wato sai ƙarshen baɗi ko farkon wata shekarar in Allah ya kai mu. Na nuna wa maiɗakina shafin kamar yadda na nuna mata na bara, ta ce ta ga ragin, amma tana jiran ranar da layin ƙasa zai koma sifili.

Da na raba ragin gida-gida, inci ɗayan da na sauke wajen rabi kawai ya kawo. Taya huɗu a inci 19 fam 1,000 ne, a 18 fam 740, wannan fam 260 ne a saiti. Sauran ya fito ne daga juyawa da kamba, don su suka hana tayar gaba ta hagu mutuwa ita kaɗai ta ja 'yar'uwarta. Da na sa hannayen kamba tun bara a kan manyan rim, da na samu wani ɓangare na wannan da fam 450 kawai. Amma da ban samu juyi ba, kuma da har yanzu ina cinye tayoyin titi a fili.

Na yi odar saiti na biyu, irin na farko, don in samu abin kwatantawa. Akwai Snetterton a watan gobe, kuma doguwar kwanar Coram ta dama ita ce za ta gwada ko digiri 2.5 ya isa ko sai na kai 3. Kafin nan rim mai lamba 2, wanda dama yake da rawa a bakin ciki, zai koma wurin dattijon a sake juya shi ba taya, don na fara jin ɗan kaɗawa a sitiyari wajen mil 80 duk lokacin da ya zo gaba.